Baba Vendel da Ƙofar da Ba Ta da Gida

Tun kafin ƙararrawar sujadar asuba ta kaɗa, a makonnin nan na jiran bikin Kirsimeti, Bodor Vendel ya riga ya fito, yana taka dusar ƙanƙarar da babu sawun kowa a kanta sai nasa. A majami'a ba ya zama a gaba. Bencin ƙarshe yake nufa, kusa da ƙofa inda iska ke kutsowa, ya durƙusa bisa gwiwoyin da suka daɗe suna kuka da shi. Da an sallami jama'a sai ya zaga ta bayan gidan al'adu na birni, ya buɗe ɗan shagonsa na kafinta, ya hura murhu, ya ɗora gam ya narke. Daga nan aiki ya kama. Ya kankare matakala domin kada baƙi su zame, ya jera kujeru a zauren kiɗa, ya ɗaure ƙafar dandamalin da 'yan rawa suka jijjiga jiya, ya saɓa manyan kayan kiɗa a kafaɗa ya hau da su bene. Da yamma baƙi su cika zauren, na Budapest da na Viyana da na nesa da nan, su tafa, su ɗauki hoto, su koma motocinsu. Ba a taɓa jin wanda ya tambayi wane ne ya kafa abin da ya zauna a kai ba.

Haka ya yi tun gashinsa yana baƙi har ya zama fari fat. A lokacin sanyin da ya wuce aka sallame shi, babu liyafa, babu jawabi, babu ko musafaha a gaban mutane. Ya kamata a faɗi abin da ya jawo haka tun yana da rai, domin mun saba ajiye yabo sai gawa ta kwanta, sa'ad da ba ya amfanar kowa sai mai yinsa.

Akwai wani aiki nasa da ba domin shi aka ɗauke shi ba. Shi ne mai kula da Baitalami, ɗan gidan katakon nan mai siffar majami'a, wanda a cikinsa akwai komin dabbobi da Jariri Almasihu, da mahaifiyarsa, da Yusufu, da 'yan tumaki. Tun zamanin kakanni, in biki ya matso, maza kan sa rigunan buzu, su riƙe sanduna masu sarƙa a matsayin makiyaya, su bi da shi gida gida a unguwannin bakin kogin Tisza, inda tsofaffi da marasa lafiya suka fi yawa. Al'adar tana da sharaɗi guda wanda ba a taɓa shi. Sai an ƙwanƙwasa, an yi tambaya da babbar murya, “Salama ga gidan nan, ko an yarda mu shigo da Baitalami?” Kuma babu ƙafar da za ta ƙetare dokin ƙofa sai mai gidan da kansa ya amsa. Malamanmu na dā sun ce a daren haihuwar an nemi masauki an rasa, shi ya sa kowace shekara ake maimaita wa kowace ƙofa tambayar, ko wannan karon za ta ba da amsar da ta fi ta farko. Ubangiji, wanda da ya so da ya ɓalle kowane ƙyaure, bai zaɓi ya shiga zuciyar bawansa da ƙarfi ba. Wane ne makiyayi da zai yi abin da Ubangijinsa bai yi ba?

A cikin wasan, Vendel shi ne Tsoho, makiyayin da ke zubewa a daɓen mutane ya yi ta minshari, ba ya tashi sai an tashe shi. Mai tashinsa kuwa amininsa ne tun ƙuruciya, Jenő, wanda kan zungure shi da sanda yana cewa, “Tashi, mai gemun bunsuru! An haifi Mai Ceto kai kana nan kana tsorata kuliyoyin mutane!” Shi kuma ya miƙe yana ƙunƙuni, yara na dariya, sannan ya durƙusa gaban komi, ɗakin ya yi tsit.

Tsofaffin Layin Masunta har yau suna ba da labarin Ormos, wani ɗan jam'iyya na zamanin tsohuwar gwamnati, lokacin da bin gida gida da Baitalami kan iya jawo wa mutum kira zuwa ofis. Kowace shekara Vendel sai ya tsaya a ƙofarsa ya yi tambaya, kowace shekara Ormos sai ya leƙo ta taga ya ce, “Ku wuce da 'yar tsanarku kafin in kira muku 'yan sanda.” Vendel ya cire hula, ya ce, “Allah ya kiyaye gidan nan,” su wuce. Jenő ya sha cewa, “Kai, jakin ma in an doke shi a layi ɗaya canja hanya yake yi.” Vendel ya ce, “Namu tambaya ne, amsa tasa ce.” Gwamnati ta faɗi, Ormos ya tsufa, matarsa ta rasu, abokansa suka watse. Wata shekara aka ƙwanƙwasa, taga ba ta buɗe ba, sai ga shi da kansa a bakin ƙofa cikin rigar barci, yana cewa, “Ku karkaɗe takalmanku, ba ni da mai shara.” Waɗanda suka shiga sun ce ya tsaya jikin bango har aka gama, bai durƙusa ba, bai yi waƙa ba, amma ya yanka musu bejgli, burodin biki, da hannunsa.

Kai ne ka tsaya a wannan ƙofa shekara bayan shekara, Baba Vendel, ba ka taɓa tura ta ba, ba ka kuma taɓa tsallake ta ba. Mai haƙurin bakin ƙofa, mun gani, Allah kuma ya fi mu gani.

Da kasuwar Kirsimeti ta bunƙasa a dandalin birni, aka fara roƙon makiyayan su yi wa baƙi wasan kafin su nufi unguwanni. Vendel bai ƙi ba. Yakan ce baƙo yana da hakki, kuma wanda ya yi doguwar tafiya cikin sanyi bai kamata ya koma da ƙanshin dafaffen ruwan inabi kaɗai ba. Sai bara aka ba wani kamfani kwangilar shirya bikin duka, kamfanin kuma ya turo wani saurayi mai fara'a, Rékasi Botond. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Yana gaishe da manya, yana riƙe wa tsofaffi ƙofa. Abin da bai sani ba ne ya fi wanda ya sani yawa, kuma bai ji ƙaiƙayin tambaya ba.

Wata safiya Vendel ya zo shago ya tarar da gurbin Baitalami wayam. A dandali ya same shi, an sa shi cikin akwatin gilashi, an ɗaure da noti a kan dandamali, fitilu na haska shi ta ko'ina.

“Baba Vendel, ka ga abin mamaki?” in ji Botond. “Bana kowa zai gan shi. Kullum da faɗuwar rana za ku yi wasa har bayan sabuwar shekara.”

“To yaushe zai tafi gidaje, ɗana?”

“Ai gidajen ne za su zo wurinsa. Dubi nan, na sa an yi muku ƙofa.”

Ƙofa ce kuwa, sabuwa, kore shar, a tsaye a tsakiyar dandamali bisa 'yan ƙafafu, babu bango a damanta, babu a hagunta, babu kowa a bayanta. Da yammar ta yi, dandali ya cika, Vendel ya tsaya gabanta cikin rigar buzunsa. Waɗanda ke kusa sun ce ya daɗe hannunsa a ɗage kafin ya ƙwanƙwasa. Ya fara, “Salama ga gidan nan, ko an yarda…” Bai kai ƙarshe ba lasifika ta katse shi da muryar wata mace da aka naɗa tun makon jiya, tana cewa su shigo, cikin harshenmu, da Jamusanci, da Turanci. Ya tsaya yana duban ƙofar. Baƙi suka ɗauka wasan ne, suka fashe da dariya, suka tafa. Jenő, don sauri, ta gefe ya zaga.

Duk da haka ya yi wasan a ranar, ya yi washegari, ya ci gaba da yi. Da wasu suka fara zagin baƙi a shagonsa sai ya hana su. “Abin da aka zuba wa baƙo shi yake ci,” in ji shi. “Ku tambayi mai girki.”

Abin da ke cin ransa yana can ƙarshen Layin Masunta. Gwaggo Etelka, gwauruwa mai kaifin harshe, tun tana amarya Baitalami ke shiga ɗakinta, domin marigayi mijinta yana cikin masu ɗaukarsa. Tun lokacin kaka ba ta sauko daga gado ba, kuma likita ya gaya wa Jolán, maƙwabciyar da ke jinyarta, cewa kada a sa rai za ta kai bazara. Kullum Jolán ta haɗu da Vendel a bakin majami'a sai ta ce, “Ta ce in tambaye ka yaushe.”

Ya je ya sami Botond, hula a hannu. “Yini ɗaya nake roƙo. Ba ma yini ba, daga azahar zuwa faɗuwar rana. In kwance notin da hannuna, in mayar da hannuna.”

“Baba, motoci na zuwa tun safe, mutane hoto suke so da shi. Ka kawo ta nan mana. Kujerar gaba, da bargo, da shayi, duk a kaina.”

“Matar da juya ta ake yi a gado?”

“To mu ɗauki wasan a waya a kai mata. Har ya fi fitowa da kyau.”

“Wayar taka tana ƙwanƙwasa ƙofa?”

Botond ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. “In kiɗa ya canja, Baba, rawa ma sai ta canja. Bayan sabuwar shekara ka ɗauke shi ka kai duk inda kake so.”

Ya juya ga Jenő, ko su haɗa baki su biyu. Jenő ya sunkuyar da kai yana gyara sarƙar sandarsa. “Mu bari a gama ɗin. Me ya yi saura?”

“Ka ga fuskarta kuwa kwanan nan?”

“Etelka? Wannan ko mala'ikan mutuwa sai ta tsayar da shi a waje ta tambaye shi ɗan gidan wane ne. Kuma jikokina na zuwa daga Budapest su gan ni a dandamali. Haba, tsoho, sau ɗaya a rayuwa a tafa mana mana.”

Ana jibi Kirsimeti, ranar da dandali ya fi cika, lokacin wasa ya yi aka nemi Tsoho aka rasa. Yana can ya nufi bakin kogi cikin rigar buzunsa, da sandarsa, hannu wofi. Jolán ce ta ba da labarin abin da ya biyo baya. Ta ce ta ji ƙarar sarƙa a waje, sannan ƙwanƙwasawa. Tambayar da ya yi duk tsawon rayuwarsa ba ta yiwuwa a bakinsa a ranar, domin abin da take neman wa izini ba ya tare da shi, shi kuwa ba ya ƙarya ko cikin wasa. Can ya ce, “Salama ga gidan nan. Ko an yarda makiyayi ya shigo shi kaɗai?”

Jolán ta buɗe ƙofar ɗakin ciki don muryar ta kai. Daga gado Etelka ta ce, “Wa nake ji kamar Vendel? Ina Jaririn?”

“Yana dandali, Gwaggo. Sun kulle shi cikin gilashi.”

“To fasa gilashin.”

“Ba nawa ba ne.”

“Nasu ne? Makiyayi da yamma a ƙofar mutane babu Jariri, ai ɓarawon tumaki ne. Ban yarda ba. Je ka kawo mini shi, ba inda zan tafi sai ka dawo.”

Jolán ta ce ta roƙe shi ya shigo ko ya ɗumama hannu, ya girgiza kai. An ce a'a, kuma mai gida ce ta ce. Ya cire hula, ya ce, “Allah ya kiyaye gidan nan,” ya juya.

Washegari shugaban gidan al'adu ya kira shi, ya ce masa ya ba birni kunya a gaban baƙi, kuma dama shekarunsa sun kai na hutu. Aka karɓi mabuɗin shago, da zartunansa da gudumominsa duka a ciki. Da yammar nan Jenő ne ya sa gemun Tsoho ya kwanta a dandamali, jikokinsa na tafi.

Vendel bai kai ƙara wurin kowa ba. Bayan sujadar safiyar Kirsimeti ya tsaya jiran Fada, limamin majami'ar, a bakin ƙofa, ya ce, “Fada, ina da sassaƙar da ba za ta jira ba, ga shi ranar hutu ce.” Da Fada ya ji bayani sai ya ce, “Yusufu ma kafinta ne. Je ka, in akwai laifi a raba mana.” Ya koma gida ya sauke kwalaben miyar tumatir daga kantar ɗakin ajiyarsa, ya ɓalle katakan don ya sassaƙa sabon Baitalami. Abin da ya rage masa wuƙar sassaƙa ta mahaifinsa da wani tsohon zarto mai tsatsa. Maƙwabta sun yi ta jin ƙarar zarton cikin kwanakin bikin, alhali kowane gida na shan romon kifi da iyalinsa. Hannun da ya yi wa birni dandamali yanzu rawa yake yi. Rufin ya karkace, Yusufu ya fito ba wuya, tunkiyar guda ɗaya tak da ya samu ya yi ta fi kama da kare.

Da ya gama sai ya ga abin ya fi ƙarfin kafaɗa ɗaya, domin Baitalami mutum biyu ke ɗaukarsa, ɗaya a kowane gefe. Ya ari ɗan katakon da yaran maƙwabta ke sulu da shi a kan ƙanƙara, ya ɗaure shi a kai da igiya, ya ja shi har Layin Masunta. Ya ƙwanƙwasa, ya yi tambayar cikakkiya, da murya irin ta dā.

Jolán ce ta buɗe, idanunta jajir. “Shigo, Baba Vendel. Ranar biki ɓarin jikinta ya shanye. Bakin ya tafi.”

“Allah ya sawwaƙe. Amma ba ke ce mai gidan ba, Jolán.”

“Na ce maka ba ta magana!”

“Tana ji?”

“Ina zan sani? Kai dai shigo, sanyin nan zai kashe ka, in rasa wanda zan yi jinya a cikinku.”

“Bar ƙofar a buɗe. Zan sake tambaya.”

Ya sake, a hankali, kalma bayan kalma. Dusar ƙanƙara na sauka a kan rufin da ya karkace. Jolán ta ce ta tsaya tsakanin ƙofofin biyu tana zaginsa a zuci, shi da taurin kansa, sai ta ga hannun Etelka mai lafiya yana lalube a gefen gado. Ya sami sandar da take dogarawa a dā. Ta ɗaga ta da kyar, ta buga a daɓe.

“Ka ji?” in ji Jolán.

“Na ji.”

Ya ja Baitalami har gaban gado, ya kunna kyandir a cikinsa, ya rera waƙar makiyaya shi kaɗai da muryar da sanyi ya dusashe. Sannan ya zube a daɓe ya fara minshari kamar yadda wasan ya tanada. Sai da ya kwanta ya tuna babu mai tashinsa. Jolán ba ta san abin da ake faɗa ba, ta tsaya tana matse hannu. Minsharin ya yi ta ja, har ya fara kama da kuka. Can sai kan sanda ya sauko daga gado, ya zungure shi a haƙarƙari, da ƙarfin da ya sa ya yi ƙara ta gaskiya. Ya miƙe yana ƙunƙuni, ya durƙusa gaban komi. Jolán ta rantse cewa rabin bakin Etelka dariya yake yi, kuma tunkiyar nan take kallo.

Kafin a kwance rumfunan kasuwa aka binne ta. A ranar rufe bikin an hau dandamali an gode wa kamfani, da masu fitilu, da masu motoci, da baƙin da suka karrama mu. Ba a ambaci sunan Bodor Vendel ba. Tsohon Baitalami kuma, wanda aka ce za a saki bayan sabuwar shekara, yana ɗakin ajiya cikin gilashinsa, ana jiran baƙin biki mai zuwa. Sauran gidajen bakin kogi sun dafa shayi sun jira, ba a ƙwanƙwasa musu ba. A cikinsu akwai waɗanda ba za a sake samu a gida ba.

Ya kamata mu ji kunya, mu mutanen birnin nan, mu da muka tsaya a dandali muna tafi, alhali mun san gidajen da ake jira. Mun ɗauki abin da iyayenmu suka bar wa raunananmu muka jera shi a kasuwa, muka kira wannan karrama al'ada. Ranar da za a tambaye mu wa muka ziyarta yana kwance, ba yawan motocin da suka zo za mu lissafa ba.

Kai ne ka ƙi, Baba Vendel. Kai ne aka ce wa a'a daga ofis, aka ce wa a'a daga gadon mai jinya, ka karɓi duka biyun ba tare da ka ɗaga wa kowa murya ba, ka koma ka ɓalle kantar ɗakinka. Ka rasa shagonka, ka rasa amininka, ba ka rasa amanarka ba. Mun gode, ko da godiyar ta zo a makare kuma daga bakin da ya yi shiru a lokacin da magana za ta yi amfani. Allah ya ƙarfafa gwiwoyinka, ya tsayar da rawar hannunka, ya buɗe maka ƙofar rahamarsa tun kafin ka ɗaga hannu. Amin.

Yana nan a gidansa, ya gyara rufin sabon Baitalamin, yana sassaƙa tunkiya ta biyu. Ya ce in Allah ya kai mu zai bi Layin Masunta daga farko har ƙarshe. An tambaye shi labarin Jenő, ya ce a bar shi, ai Jenő ya san hanyar zuwa wurinsa. Masu ƙarfi a jika, ku da kuka yi dariya kuna yara sa'ad da yake minshari a daɓen iyayenku, ba a ce ku iya waƙa ba, ba a ce ku iya sassaƙa ba. Kafaɗa ɗaya yake nema ta kama masa ɗaya gefen, kuma har yau babu wanda ya je.